Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Sharhi Kan Kwamfutar Kwantam

  

Sharhinmu na yau zai kai mu nesa. Za mu leƙa Kanada da Amurka, mu ratsa ta ƙasar Sin. Amma bari in fara daga tashar mota.

Kwanakin baya ina jiran mota ta cika, sai na hangi mutane sun yi cincirindo a gindin wata darbejiya. Na matsa in ga abin da ake kallo. Wani matashi ne sanye da farar riga irin ta likitoci. Ga tebur, ga kwamfutar tafi-da-gidanka, ga wata 'yar akwati mai ruwan azurfa. Waya ta fito daga jikin akwatin. A bakin wayar akwai wani guntun ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa biyu. Za ka biya, ka damƙe ƙarfen na minti ɗaya. Sai kwamfuta ta zubo maka cututtukanka. Hanta, ƙoda, gyambon ciki, sanyin ƙashi. Ba a ɗebi jininka ba, ba a karɓi fitsarinka ba. A ƙarƙashin tebur kuwa ga kwalayen magani a jere, kowace cuta da nata.

Na ce masa, "Samari, yaya wannan na'ura take aiki?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake shan ruwa. Ya ce, "Haba Alhaji, ai kwantam ce."

Shi ke nan. Wani dattijo da ke gefena ya gyaɗa kai, ya ce, "Ikon Allah." Ya zaro kuɗinsa.

Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa. Kalmar nan ta kwantam ita ce ta tara mu yau. A tasha ana sayar da magani da ita. A manyan biranen duniya kuwa ana sayar da hannun jari da ita, na biliyoyin daloli.

Kusan kowane wata sai wani babban kamfani ya kira 'yan jarida. Ya ce ya yi nasara a kan kwamfutar kwantam. Ya ce ta kusa shigowa kasuwa. Za ta gano maganin cutar daji. Za ta ƙera batirin da ba ya mutuwa da wuri. Za ta sauƙaƙa taki. Za ta fasa asirin bankuna. Mu kuma 'yan jarida, in faɗi gaskiya a kanmu, sai mu kwashi takardar da kamfani ya raba mu karanta muku kamar daga sama ta faɗo.

Maganata a yau guda ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta. Ilimin gaskiya ne. Na'urorin ma suna nan, an ƙera su. Amma har yanzu babu wani aikin kasuwa mai kawo riba da masana suka haɗu a kan cewa kwamfutar kwantam ta yi shi, ta fi kwamfutar da muke da ita. An hango Dala. Ba a shiga birni ba.

To, kafin mu yi nisa, mece ce ita wannan kwamfuta?

Kwamfutar da ke cikin wayarka tana lissafi da abu mai fuska biyu. Kamar fitila ce, ko a kunne ko a kashe. Ko ɗaya ko sifili. Ita ta kwantam tana aiki da wani abu da suke kira kubit. Ana yin sa da ƙwayar zarra, ko ƙwayar haske, ko wata 'yar da'irar lantarki da aka sanyaya matuƙa. Shi kubit yana iya zama cikin wani hali na gaurayen ɗaya da sifili, muddin ba a duba shi ba. Da an duba shi, sai ya tsaya a kan guda.

A nan ne masu talla suke fara shafa wa labari shuni. Za ka ji sun ce na'urar tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda. Wannan rabin magana ce. In ka buɗe ta, amsa ɗaya tak za ta ba ka. In ba ka yi dabara ba, amsar ta kan-mai-uwa-da-wabi ce.

Ga inda dabarar take. Ka taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi? Kowane dutse ya tayar da igiyar ruwa. Inda suka haɗu, wani wuri ruwan ya ƙara tashi, wani wuri ya kwanta lumui. Haka masana suke so su tsara lissafin. Amsoshin banza su kashe juna, amsar gaskiya ta yi tudu. Matsalolin da aka san yadda za a yi musu wannan tsari ba su da yawa. Shi ya sa kwamfutar kwantam ba za ta gaje wayarka ba. Ba za ta sa WhatsApp ya ƙara sauri ba. Ba aikinta ba ne.

Sannan kubit abu ne mai tsananin laushi. Ɗumi kaɗan, girgiza kaɗan, sai ya watse. Ka ɗauka mai tallar nono ce ta cika ƙwarya fal, aka ce ta ratsa kasuwa ranar cinta ba tare da ɗigo ya zuba ba. Don haka na'urorin Google da IBM suke zaune cikin wani firji na musamman. Sanyin cikinsa ya fi na sararin samaniya. Duk da haka suna tafka kuskure. Mafi kyawunsu na iya yin kuskure ɗaya a cikin motsi dubu. Lissafi mai amfani kuwa yana buƙatar motsi biliyoyi.

Tunanin ya daɗe. Tun 1981 masani Richard Feynman ya kawo shawarar. A 1994 wani malamin lissafi, Peter Shor, ya nuna a kan takarda cewa irin wannan na'ura za ta iya warware lambobin da ke tsare sirrin bankuna da gwamnatoci. Daga nan kunnen masu mulki ya tashi. Kuɗi suka fara zuba.

Yanzu kuma, jama'a, mu shiga kasuwa. Mu ga abin da aka yi alkawari da abin da aka kawo.

Mu fara da Kanada. Akwai wani kamfani a can mai suna D-Wave. Tun 2007 ya tara jama'a ya nuna na'urarsa. A 2011 ya sayar wa kamfanin ƙera jiragen yaƙi na Lockheed Martin guda ɗaya, a kan kimanin dala miliyan 10. Bayan shekara biyu Google da hukumar NASA suka karɓi wata. Aka yi ta yayatawa cewa ga kwamfutar kwantam ta farko a kasuwa. Sai a 2014 wasu masana ƙarƙashin Matthias Troyer na Zurich suka zauna suka gwada ta da kwamfuta ta yau da kullum. Ba su ga alamar fifikon da ake faɗa ba. Kamfanin ya ce ba a ba ta irin aikin da ya dace da ita ba. Tun daga lokacin ake wannan ja-in-ja. Shekara ta kusa ashirin ke nan da wancan taro na farko.

To, ga babban labarin. Ku ƙara matsowa kusa da rediyo.

A watan Oktoba na 2019, Google ya sanar da duniya cewa ya tsallake wata iyaka. Na'urarsa mai suna Sycamore, mai kubit 53, ta yi wani lissafi cikin daƙiƙa 200. Wato minti uku da ɗoriya. Google ya ce kwamfutar da ta fi kowace ƙarfi a duniya sai ta kwashe shekara 10,000 kafin ta gama wannan aiki. Jaridun duniya suka ɗauka. Minti uku a nan, shekara dubu goma a can. Wa zai ji bai buɗe baki ba?

Ba a kai ko'ina ba IBM ya fito. Ya ce a'a, in an tsara aikin da kyau, kwana biyu da rabi ya isa. A 2022 kuma wasu masana a birnin Beijing suka yi irin aikin da kwamfutoci na yau da kullum cikin kimanin awa 15. Kun ji fa. Daga shekara dubu goma aka dawo abin da bai kai kwana ɗaya ba.

Amma ni ba wannan ne ya fi damuna ba. Tambayar da na fi so ku riƙe ita ce: wane aiki ne ta yi?

Aikin shi ne ta fitar da wasu lambobi na barkatai, irin waɗanda na'urar kwantam kaɗai ke fitarwa cikin sauƙi. Bari in kwatanta. Ka ɗauki mudun gero ka watsa a tsakar gida. Cikin ƙiftawar ido kowace ƙwaya ta sami wurin zama. Yanzu ka kira malamin lissafi, ka ce ya lissafo maka inda kowace ƙwaya za ta faɗa. Zai yi shekara bai gama ba. Sai ka tashi ka ce mudunka ya fi malamin lissafi? Kwatancin bai cika ɗari bisa ɗari ba, don ita na'urar Google ana iya ba ta umarni, mudu kuwa ba a iyawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin masana. Amma ta fuskar amfani, gero ne aka watsa. Babu mai ciwon da ya warke. Babu manomin da ya ƙara buhu.

Shugaban Google, Sundar Pichai, ya kwatanta abin da tashin jirgin sama na farko, wanda 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka yi a 1903. Jirgin daƙiƙa 12 kawai ya yi a sama. Kwatanci ne mai kyau, na yarda. Sai dai a 1903 babu wanda ya buɗe ofis yana sayar wa alhazai tikiti.

A ƙarshen 2024 Google ya sake dawowa da wata na'urar, Willow. Wannan karon aka ce minti biyar. Ita kuma kwamfuta ta yau da kullum, sai ta yi shekarun da in za ka rubuta su sai ka sa ɗaya, ka jera sifili 25 a gabanta. Lambar ta ƙara girma. Aikin kuwa shi ne dai na watsa gero. Shugaban sashen kwantam na Google har ya ce sakamakon yana ƙarfafa ra'ayin cewa akwai wasu duniyoyi barkatai da lissafin ke gudana a cikinsu. Masana da yawa suka ce, yallaɓai, a dai yi a hankali.

IBM ɗin da ya ƙaryata Google shi ma bai tsira ba. A 2023 ya ce na'urarsa mai kubit 127 ta nuna alamar fara amfani. Cikin 'yan makonni wasu masana a New York suka maimaita lissafin da kwamfuta ta yau da kullum. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Microsoft kuwa nasa labarin ya fi ɗaci. Ya zuba kuɗi a kan wani nau'in kubit da ya ce ba zai riƙa kuskure kamar sauran ba. A 2018 masanan da ke aiki da shi a ƙasar Holan suka buga a mujallar Nature cewa sun ga alamar abin da ake nema don ƙera wannan kubit. A 2021 aka janye takardar, bayan wasu masana sun bi bayanan sun ga ba haka ba ne. A Fabrairun 2025 kamfanin ya sake fitowa da na'ura mai suna Majorana 1. Ya ce saura shekaru kaɗan, ba gommai ba. Editocin mujallar da kansu suka rubuta cewa takardar da ta raka sanarwar ba hujja ba ce a kan samuwar abin da ake magana.

Kun ga yadda abin yake tafiya. Ranar sanarwa, ganga da algaita. Ranar gyara, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Bari mu ɗan sha iska da wani labari mai ban dariya.

Kun tuna na ce Shor ya nuna za a iya fasa lambobin banki? Aikin shi ne a ba ka babbar lamba, ka gano waɗanne lambobi biyu aka ninka aka same ta. A 2001 masanan IBM suka gwada da na'urar kwantam. Lambar da suka warware ita ce 15. E, sha biyar. Uku sau biyar. Bayan shekara 11 wasu a Ingila suka kai 21. Uku sau bakwai. In ana maganar hanyar Shor tsantsarta, har yau ba a yi nisa daga nan ba. Lambar da ke tsare asirin banki kuwa tsawonta alƙaluma 617 ne.

A 2025 wani masanin tsaron kwamfuta na ƙasar Niyu Zilan, Peter Gutmann, shi da abokin aikinsa, suka rubuta wata takarda ta shaguɓe. Suka ce su ma sun kamo waɗannan nasarori. Kayan aikinsu tsohuwar kwamfutar gida ta 1981, da katakon ƙirga mai 'ya'ya kamar na carbi, da kare. Suka sa karen ya yi haushi sau uku. Uku na shiga cikin 15, uku na shiga cikin 21. Ke nan kare ya yi kunnen doki da na'urar miliyoyin daloli. Wasa ne, amma da magana a ciki. Ƙorafinsu shi ne sau da yawa ana zaɓo lambar da aka riga aka san sauƙinta, sannan a kira 'yan jarida.

To, jama'a, in haka ne, me ya sa ake ta wannan kururuwa? Mu bi sawun kuɗi.

A 2021 da 2022 wasu ƙananan kamfanonin kwantam suka shiga kasuwar hannun jari ta Amurka. Akwai IonQ, akwai Rigetti, akwai D-Wave ɗin da muka ambata. Ɗauki Rigetti. Duk cinikin da ya yi a 2024 bai cika dala miliyan 11 ba, kuma asara ya tafka. Amma a cikin 2025 darajarsa a kasuwa ta haura dala biliyan 10. Bari in sauko da shi ƙasa. Kamar a ce ga shago a unguwarku, cinikinsa na shekara guda naira dubu goma sha ɗaya, ana bin mai shi bashi, sai aka yi wa shagon kuɗi naira miliyan goma. Me mai saye yake saye? Labarin gobe yake saye. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan suna: cinikin biri a sama.

Ga abin da ya tona asirin. A Janairun 2025, a birnin Las Vegas, aka tambayi shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, yaushe za a sami kwamfutar kwantam mai amfani sosai. Ya ce shekara 15 ta yi wuri, 30 ta yi nisa, 20 ita ce da yawa za su yarda da ita. Magana ce ta fatar baki. Bai kawo wani sabon bincike ba. Washegari hannayen jarin waɗannan kamfanoni suka rikito, da kusan kashi 40 cikin ɗari. A yini ɗaya. Bayan wata biyu ya tara shugabanninsu don a sasanta. Ya ce shi bai ma san ana sayar da hannun jarinsu ba.

Ku yi tunani. Da kamfanin siminti ne, wani ya ce siminti ba shi da amfani, farashinsa zai motsa? Ba zai motsa ba, don magina na kan layi da kuɗinsu. Abin da maganar mutum ɗaya ke rushewa, da magana aka gina shi.

Kuma ba masu hannun jari kaɗai ba ne. Malamin jami'a na neman kuɗin bincike. Gwamnati na tsoron kada abokiyar hamayya ta riga ta. Amurka ta kafa doka ta musamman a 2018, Tarayyar Turai ta ware nata kuɗin, Sin ma haka. Babban banki ko kamfanin mota ya sa hannu a yarjejeniyar gwaji, don kada a ce an bar shi a baya. Sai kamfanin kwantam ya sa sunansa a jerin abokan ciniki. Kowa ya samu abin faɗa. A gefe guda kuma, Alibaba na ƙasar Sin ya rufe ɗakin binciken kwantam ɗinsa a ƙarshen 2023, ya ba wata jami'a kayan. Baidu ya bi sahu. Wannan labarin bai yi ƙara ba.

Akwai wata shaida da ta fi duk waɗannan a wurina. A 2024 Google ya haɗa kai da gidauniyar XPRIZE, suka sa gasa ta dala miliyan 5, ta shekara uku. Me ake nema? A zo a nuna wani aiki na zahiri da za a yi da kwamfutar kwantam. Ku sake ji. Maƙeri ne ya ƙera abu, ya fito kasuwa yana cewa duk wanda ya gaya masa amfaninsa zai ba shi tukuici. Ban ga laifin gasar ba. Gaskiya ce suka faɗa. Sai dai ba ta yi kama da abin da ake faɗa ranar sanarwa ba.

Ko 'yan ayyukan da ake tinƙaho da su, wasu sun zube. Akwai lissafin da kamfanoni irin su Netflix ke yi don su gane fim ɗin da zai burge ka. An ɗauka a nan kwantam za ta yi zarra. A 2017 wani malami a Jami'ar Texas, Scott Aaronson, ya ba wata ɗalibarsa aiki. Sunanta Ewin Tang. Ya ce ta tabbatar da cewa kwamfuta ta yau da kullum ba za ta iya kamo ta kwantam a wannan fage ba. Yarinya ta yi ta fama, hujja ta ƙi fitowa. Daga ƙarshe sai ta gano dalili. Ashe kwamfuta ta yau da kullum za ta iya. A 2018, tana da shekara 18, ta rubuta hanyar da kanta.

Yanzu ga inda abin ya taɓo mu kai tsaye. Manoma, ku ba ni kunnenku.

Cikin alkawuran da aka fi maimaitawa akwai na taki. Takin zamani irin su yuriya ana yin sa ne ta hanyar da Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka samar fiye da shekara ɗari da suka wuce. Tana buƙatar zafi mai tsanani da matsi mai yawa. Tana lashe kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na makamashin duniya. Amma kowane manomi ya san in ka shuka wake ko gyaɗa, ƙasa na farfaɗowa. Ka tumɓuke gyaɗa ka duba saiwarta, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke zuƙo sinadarin takin daga iska su mai da shi abincin shuka. Babu wuta, babu masana'anta. Masana na so su gane yadda suke yi dalla-dalla, kuma lissafin ya yi wa kwamfutocinmu nauyi. Wannan aiki ne da ya dace da kwantam, babu shakka. Amma a 2021 masanan Google da abokansu suka ƙiyasta cewa sai an sami kubit wajen miliyan 4. Willow tana da 105. Kuma ko an gane sirrin, sai an gina masana'anta, sai buhu ya iso kasuwar ƙauye. Malam manomi, kada ka fasa tara takin gida saboda wannan labari.

To, adalci ya wajaba. Bari in juya ɗaya gefen, kada a ce na zo ɓatanci.

Ilimin kwantam shi ne ƙashin bayan wayar da ke aljihunka. Shi ne a cikin farantin sola da ke kan rufinka. Shekara ɗari ke nan ana gwada shi bai faɗi ba. Don haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekararsa, kuma ƙasar Gana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar. A shekarar ne aka ba John Martinis, wanda ya jagoranci ƙera Sycamore, kyautar Nobel tare da wasu biyu, saboda binciken da suka yi tun shekarun 1980.

Ita Willow ma, a bayan hayaniyar sifili 25, akwai nasara ta gaske. An nuna cewa in aka haɗa kubit da yawa suna gadin juna, kuskure na raguwa yayin da ake ƙara yawansu. An daɗe ana neman wannan. Abin takaici, lambar da ba ta da amfani ita ce ta cika kanun labarai.

Batun fasa asiri kuma ba abin wasa ba ne. A 2019 an ƙiyasta sai da kubit miliyan 20. A 2025 wani masanin Google ya sauko da ƙiyasin ƙasa da miliyan ɗaya. Da sauran tafiya mai nisa, amma tazarar na raguwa. Kuma ɓarawo na iya sace bayanan sirri yau ya ajiye, ya jira ranar da zai iya buɗewa. Shi ya sa a Agustan 2024 hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin makullan da kwantam ba a san ta da iya fasawa ba. Bankunanmu da hukumominmu ya kamata su fara shirin canja kwaɗo. Abin lura, sababbin makullan a kan kwamfuta ta yau da kullum suke aiki. Ba sai an sayi na'urar kowa ba.

Saboda haka ban ce ba za a shiga birni ba. Mai yiwuwa a shiga. Mai yiwuwa 'ya'yanmu su gani. Abin da na ce shi ne, wanda ke kan hanya ya daina karɓar kuɗin hayar ɗaki a cikin gari.

Yanzu mu koma tasha, inda muka baro matashinmu.

Wani ɗalibi da muke jiran mota tare ya roƙe shi alfarma. Ya ciro hankici, ya jiƙa shi da ruwan leda, ya naɗe ƙarfen da shi, ya ajiye a kan tebur. Ya ce a rubuta namiji, ɗan shekara hamsin. Minti ɗaya ya cika. Kwamfuta ta ce hankici na fama da gyambon ciki, kuma ƙodarsa ta fara rauni. Dattijon nan ya miƙa hannu, ya ce, "Yaro, ba ni kuɗina."

Ba ina haɗa Google da mai tebur a tasha ba ne. Waɗancan masana ne na gaske, suna buga sakamakonsu, abokan hamayya na bi suna tonawa. Amma kururuwar da ake yi a sama ita ce ke sauko mana nan ta zama jari ga 'yan damfara. Akwai bidiyoyi na bogi da ke yawo a Facebook da fuskar Elon Musk, ana cewa ka zuba kuɗi a wata manhajar kwantam ta ninka maka. Waɗanda MMM ta rufe da kuɗinsu a Disambar 2016 sun san ƙarshen irin wannan waƙa.

Masu sauraro, maza da mata, duk ranar da kuka ji mu a wannan tasha ko wata muna karanta cewa kwamfutar kwantam ta yi abin al'ajabi, ku aiko mana da tambaya. Wane aiki ta yi, kuma wa ya tabbatar ban da mai ita? Ku matsa mana lamba, haƙƙinku ne. Ku kuma ɗalibanmu masu son lissafi da kimiyya, tun 2016 IBM ya buɗe wasu na'urorinsa a intanet, ana iya gwada su daga nesa. In kun sami data da wuta, ku shiga ku taɓa da hannunku, ku ga kuskuren da idonku, ku zo ku ba mu labari.

A nan zan dasa aya.